Gwado da Luru a Ɗakin Amarya: Saye, Ɗinki da Adana

Da zarar amfanin gona ya shigo gida, lokacin aure ya kama ke nan a Kaura da Shinkafi da Zurmi, uwar ɗiya kuwa ba ta da sauran barci sai ta ga ɗaki ya cika. Gado da katifa, kujeru, labule, zannuwan gado, kafet, kwanukan jere. In aka bi lissafin ɗaya bayan ɗaya, da wuya a samu abu guda da hannun mutumin yankin nan ya taɓa: bargon daga Caina, labulen na roba, tabarmar ta leda. Shawarata ta yau taki ce, uwar amarya, da ke uwargida mai son sabunta ɗaki. Ki sa gwado ko luru ɗaya a lissafin, da matasai biyu na audugar rimi, da tabarmar kaba. Ba tausayin masaƙa ya sa na ce haka ba. Saƙar hannu ta auduga tana shan gumi da bazara, tana riƙe ɗumi da hunturu, kuma ƙarkonta ya wuce na bargo mai gashi nesa ba kusa ba. Sai dai tana da halinta, wadda ba ta san halin nan ba kuwa za ta yi asarar kuɗinta, ta koma tana cewa kayan gargajiya ba su da kirki.

Ƙasar nan ta auduga ce tun da daɗewa. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth ya bi ta Zurmi da Badarawa a 1853, a kan hanyarsa daga Katsina zuwa ƙasar Sakkwato, kuma auduga na cikin abin da ya ga ya cika kasuwar Badarawa. Da layin dogo ya iso Kaura a 1929, jirgi ya riƙa kwashe auduga da gyaɗa yana sauke akoko da atamfa, masaƙin kan layi ya fara ja da baya tun daga nan. Ita kanta masaƙar Gusau ta zamani, da aka kafa a shekarun 1960, ta daɗe da yin shiru. Saboda haka kada ki zaci za ki shiga kasuwa ki tarar da rumfunan gwado a jere. Nema ake yi. Tambayi mai unguwa ko garinku yana da Sarkin Masaƙa ko Sarkin Marina, tambayi dillaliyar da ke shiga gidaje, tambayi masu sayar da zare, domin su suka san wanda ke zuwa saye da yawa. Ranar Alhamis, kasuwar Shinkafi tana tara mutanen ƙauyuka har da na tsallaken iyaka. In can ba a dace ba, sai Gusau, sai Sakkwato, sai Kasuwar Kurmi a Kano. Amma halin da hanyoyinmu ke ciki ba ɓoyayye ba ne, kuma babu gwadon da ya kai a sai da rai a kansa. Ki ba da sautu ga wanda tafiyar ta riga ta kama shi. In an turo miki hoto ta WhatsApp, ki ɗauki fasalin adon kawai, kada ki yarda da launin, waya tana ƙara wa shuɗi haske.

Saƙa iri biyu ce, kuma kowace da inda ta dace a ɗaki. Ta maza ita ce ta zaune, mai ƙoshiya da allira da masefi, wadda ake ja wa zare nesa a ɗaure jikin kunkuru. Ita tana fitar da ƙwarya siririya mai tsawon gaske, faɗinta daga kamar tafin hannu zuwa taƙi ɗaya ko ɗan fiye, sai an harhaɗa kafin ta zama mayafi. Gwado da luru daga nan suke fitowa: gwado fari mai kauri, luru kuma mai ratsin shuɗi ko baƙi, wani har da ado a tsaka. Ta mata ita ce ta tsaye, wadda ake jinginawa a bango a cikin gida ana bugawa da akwasha. Ita tana ba da ƙyalle mai faɗi, kamu ɗaya ko fiye, amma tsawonsa bai cika wuce yadi 2 ba. Abin da za a rufa gado ko a rataya a ƙofa, saƙar maza ta fi. Rigar matashi, abin rufe tebur, abin yafa wa kujera, a nan saƙar mata ta fi sauƙi, don ba sai an yi haɗi da yawa ba.

Kafin ki biya, ki ɗaga ƙyallen ki duba shi ta hasken rana. Zaren da aka kaɗa da mazari ba ya daidaita, nan kauri nan siriri, kuma za ki ga ɗigo-ɗigon ɓawon angurya da gurza da shiɓa ba su gama fiddawa ba. Zaren kamfani sumul yake. Yawancin masaƙan yau da zaren kamfani suke yin tsaye, su sa abawar hannu a kwance, wasu kuma duk biyun na kamfani ne. Ni ban ɗauki wannan ha'inci ba muddin an gaya miki, domin tsayen kamfani ya fi jure ja, gwadon ma ya fi daɗewa. Ha'incin shi ne a sayar miki da zaren roba da sunan auduga. Gane shi ba wuya: ciri zare ɗaya daga geza, ki kai masa ashana. Auduga tana ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Roba narkewa take yi, ta dunƙule ta yi tauri, ta yi ƙauri. Bayan nan ki sa babban yatsa ki tura zaren kwance. In ya matsa ya bar kafa, masaƙin ya yi ƙwauron bugu, wanki uku ya ishe shi ya zama rariya. Ki duba bakin ƙwaryar kuma, ya kasance a miƙe, ba ya shiga yana fita, domin a bakin nan za a ɗinka.

Na fi so ki ba da aiki a saƙa miki a kan ki sayi wanda aka gama, don gwadon kasuwa an yi shi ne daidai jikin mutum ɗaya a kan tabarma ko gadon kara, ba ya rufe gadon zamani. A nan ne lissafi ke shigowa, kuma a nan aka fi yin kuskure. Ɗauki gado shida-da-shida. Faɗinsa inci 72 ne. Kina son mayafin ya zubo inci 12 ta kowane gefe, ya zama 96. In faɗin ƙwarya inci 6 ne, ƙwarya 16 ke nan a takarda. To amma saƙar hannu tana tsukewa a wankin farko, don haka a kan kowane inci 10 ki ƙara ɗaya. Sai ki nemi ƙwarya 18, kowace tsawon yadi 3, jimla yadi 54. In ƙwaryarsa mai inci 8 ce, 14 sun isa. Ki ƙara ƙwarya ɗaya ta ajiya saboda maho nan gaba, don ba za ki ƙara samun irin wannan zaren da irin wannan rinin ba.

Kada ki yi ciniki da kamu. Kamun dattijo dogo daban, naki daban, ranar karɓar aiki sai a yi ta rantse-rantse alhali ba wanda ya yi ƙarya. Yanki igiya daidai tsawon da kike so, ki ƙulla bakinta biyu, ki aika masa, ki riƙe irinta a gida. Ki ce: "Baba, ga tsawon kowace ƙwarya. Don Allah ku cika mini bugu, ko da kuɗin zai ƙaru." Dattijon da ya ji haka ya san da wadda ta san kaya yake magana. Ki ba da kafin alƙalamin da zai sayi zaren gaba ɗaya a lokaci guda, a rina na rini duka tare, a yi wadari ɗaya. In aka sayi zare kashi-kashi, rabin lurun zai fito da duhu, rabi da haske. Kuma ki tuna masaƙanmu manoma ne. Wanda aka ba aiki da damina, sai ya gama noma na biyu zai waiwaye shi. Lokacin ba da aiki shi ne bayan girbi, sa'ad da sabuwar auduga ta shigo, mata suna kaɗi. In bikin na bayan ƙaramar salla ne, kada a jira sai an ga watan azumi. Abu na ƙarshe a kan ciniki: in kika matse shi har ya sallama a kan abin da bai biya wahalarsa ba, ba zai yi miki musu ba, zai dai rage bugun masefi, ki tafi da gwado mai ganin gari.

Ƙwarya ta iso gida. Kada ta wuce wurin tela a ranar. A jiƙa ta cikin ruwan sanyi a baho, in marar rini ce ta kwana, a wanke, a shanya, a sake jiƙawa in da hali. Dalili biyu ne. Na farko, ta gama tsukewarta tun ba a ɗinka ba, don in aka ɗinka tukuna, ƙyallen zai ja, zaren ɗinkin ya ƙi ja, duk haɗin ya tattare. Na biyu, masaƙa suna shafa wa zaren tsaye ƙullu don kada ya tsinke a masaƙa, ƙullun nan kuwa abincin kyankyaso ne da sauran ƙwari. In ta kusa bushewa, mutum biyu su kama bakinta su ja a hankali ta miƙe, sannan a goge da ɗan danshinta.

Haɗin kansa baki da baki ake yi, kamar yadda gyartai ke kama bakin tsagaggen ƙoƙo, ba a ɗora wata a kan wata. Bakin ƙwarya a kulle yake tun daga masaƙa, ba ya warwarewa, don haka ba ya bukatar kalmasa. Telan da ya saba da yadin kanti zai so ya haɗa fuska biyu ya bi da keke ya bar rabin inci a ciki. In ya yi haka, ya cinye miki faɗin ƙwarya biyu ko uku, ya kuma bar miki layuka masu tauri da za su riƙa sukar mai kwanciya. Ɗinkin hannu da allura da zaren auduga shi ne asali, kuma masu ɗinkin hula da ke kusan kowane gida a nan za su iya shi cikin kwana kaɗan. In dole sai keke, a yi ɗinkin zigizaga mai faɗi, ƙwarya biyu suna kwance gefe da gefe. A fara daga ƙwarya biyun tsakiya a yi waje. Wannan layi a ɗinko daga sama zuwa ƙasa, na kusa da shi daga ƙasa zuwa sama, in ba haka ba mayafin zai karkace gefe guda. In luru ne mai ado, a shimfiɗa duka a kan tabarma, a daidaita ratsin, a kama da allura a wurare kafin a fara. Ƙaramin saɓani tsakanin ratsi da ratsi ba aibi ba ne, da shi ake gane aikin hannu, kada a yi ta jan ƙyalle sai ya zo daidai. Inda aka yanke ƙwarya a kwance, can ne ke warwarewa. Ko dai a kalmasa shi ninki biyu, ko a zare abawa kamar tsawon yatsa, a ƙulla zaren tsaye huɗu-huɗu ya zama geza. Geza ta fi kyau a ido, kalmasa ta fi jure gidan yara.

Labule kuma, ƙwarya ta sauko daga sama zuwa ƙasa, don zaren tsaye ne ke iya ɗaukar nauyi. In aka kwantar da ita, nauyin zai hau kan ɗinki, labulen ya yi ciki. A yi masa shafi da akoko ta bayan da ke kallon waje, musamman tagar yamma, inda ranar la'asar ke dukansa: gara akokon ya ƙone a sauya, da lurun ya koɗe. Kada ya taɓa ƙasa, a bar yatsa uku, saboda shara da ruwan da ake yayyafawa. Sandar labulen kanti ta roba ba za ta ɗauke shi ba, a nemi ta ƙarfe ko gora mai ƙwari. Kujerun falo kuwa, ban ba ki shawarar ki sa a lulluɓe su da gwado a buga ƙusa ba. Zama da tashi yana buɗe haɗin, kuma ba ki da halin cirewa ki wanke. Yafawa ake yi a bayan kujera da hannunta.

Mu zo kan rini, inda aka fi cutar mai saye. Rinin baba na asali a karofi ake yinsa: rami mai zurfi, a zuba ruwa da toka da katsi da busasshen baba, a bari ya ruɓa kwanaki ana motsawa da muciya har ya nuna. Ƙyalle yana fitowa daga ramin kore-kore, iska ce ke mai da shi shuɗi, kuma duhunsa ya danganta da yawan tsomawa da shan iska tsakanin tsoma da tsoma. Marinar Ƙofar Mata a Kano, da ake danganta kafuwarta da 1498, har yau da wannan hanya ake saninta. Tun da Jamusawa suka fara sayar da shunin kamfani a 1897, marina da yawa suke haɗa shi da baba don aiki ya yi sauri. Wannan bai dame ni ba, domin sinadarin launin ɗaya ne. Wanda nake gudu shi ne galurar da aka dafa zare a ciki sama-sama aka ce baba ce. Jiƙa farin ƙyalle, ki matse shi a kan shuɗin na ɗan lokaci, ki kuma tsoma gezar a kofin ruwa mai ɗumi. Baba yana ɗan goguwa a kan farin, amma ba ya narkewa a ruwa. Galura mara kyau nan take za ta rine ruwan, kuma haka za ta zuba a kan farin ratsin lurunki ranar wankin farko. Ja da kore sun fi shuɗi yawan zuba, a gwada su daban.

Baƙin ƙyallen nan mai walƙiya, irin na garin Kura da Buzaye ke naɗawa, kada kyansa ya ruɗe ki ki yi zanen gado da shi. A mabuga ake buga masa garin shuni har ya yi ƙyalli, kuma an yi shi ne ya sauka a jiki. Zai rine miki katifa da bango da amaryar kanta.

Wanki da ruwan sanyi ne da sabulu mai laushi, sabulun salo ko na wanka, a narkar da shi a ruwa tukuna maimakon a goga a jikin ƙyallen. Omo mai ƙarfi da ruwan bilic su ne ajalin shuɗi. Mai rini ba a barinsa a jiƙe ya kwana. Gwado jiƙaƙƙe yana da nauyi ƙwarai, don haka ba a murɗe shi, tattaka shi ake yi a baho a matse, a ninka shi biyu a kan igiya mai ƙwari ko a baza a kan tabarma, a inuwa, bayansa a waje. Ana yawan cewa a zuba gishiri don ya kama launi. Ga baba dai gishiri ba ya ƙara kome, abin da zai sauka sai ya sauka a wanki biyu ko ukun farko, sannan ya tsaya. A wanke shi shi kaɗai har lokacin. Da hunturu ba sai an yi ta wanki ba. Ƙura ce, a fitar da shi da hantsi a kakkaɓe da sanda. Yawan wanki ya fi yawan amfani kashe saƙa.

Farin gwadon da ya tsufa ya yi tabo ba na yarwa ba ne. A kai shi marina ya dawo shuɗi, ko a yi masa ƙulli kafin a kai. Ki wanke shi tas, ki sa tsakuwa ko ƙwallon dabino a inda kike son zobe, ki naɗe wuyan da zare mai ƙarfi ko kaba har ba ya motsi. Inda aka ɗaure rini ba ya shiga. In layi kike so, ki bi shi da ɗinki mai faɗi, ki ja zaren ya tattare, ki ƙulle. Gwado yana da kauri, ƙaramin ado ba ya fita a jikinsa, ki yi manya. Masu rini a gida da kayan kanti, ku ji wannan da kyau: sodar rini tana cin fata, tana makantarwa. A ruwa ake zuba ta, ba a zuba mata ruwa. A yi a tsakar gida inda iska take, da safar hannu ta roba, cikin bokitin roba, ba tukunyar dalma ko kwanon silba ba, don soda tana cin su. Kuma kada a taɓa ajiye ruwan soda a gorar ruwa ko kwalbar lemo. Yaro ba ya bambanta shi da ruwan sha, in ya kurɓa kuwa maƙogwaronsa ya ƙone, wani har abada.

Matashi ya fi daɗi da audugar rimi: ba nauyi, ba ta riƙe ruwa, ba ta zafi irin na soso. A tsince 'ya'yan sarai kafin a cusa, su ne ke kiran ɓera. A yi mata riga biyu, ta ciki da yadi mai matsattsen saƙa don kada ta riƙa fitowa, ta waje da gwado ko saƙar mata, a yi mata maɓalli ko igiya a riƙa cirewa. In ta kwanta, a shanya a rana a bubbuga, za ta tashi. Aibinta guda ne, kuma babba ne: tana kama wuta nan da nan. Ɗakin amarya kuwa ba ya rabuwa da kaskon turare, ga maganin sauro na kunnawa, ga kyandir in an ɗauke wuta. Ki ja wa ɗiyarki kunne a kan wannan tun ranar jere. Tumtum na fata, aikin dukawa, shi ba rimi ya fi so ba, tsumma yake so a danna masa sosai ya tsaya da kyau. Jar akuyar ƙasar Sakkwato da tamu, wadda aka jeme da bagaruwa, fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai, don haka kayan kirki ba su yi mana nisa ba. Ki shinshina: fatar da jima ta ratsa ba ta ɗoyi. Ki goga jiƙaƙƙen ƙyalle a kan jan, ki ga ko zai bi farar riga. Da hunturu a shafa masa ɗan man kaɗe don kada ya tsage, da damina a ɗaga shi daga siminti.

Tabarmar kaba ba ta bukatar dogon bayani. Ki duba bakinta, nan take fara mutuwa. In kina so ta daɗe, ki sa a bi bakin da ragowar ƙwarya a ɗinke. Naɗe ta ake yi, ba a ninkewa, a jingine ta a kan wani abu saboda gara. In iskar hunturu ta busar da ita har tana ƙara, a ɗan yayyafa mata ruwa. Asabari a ƙofar ɗaki ya fi labule da bazara, yana tare ido yana barin iska, in an fesa masa ruwa da azahar har sanyi yake kawowa.

Saura ajiya. Kada a sa saƙa a akwati sai an wanke ta ta bushe ƙayau, kuma ba a cikin leda ba, leda tana tara gumi ta kawo fumfuna a watan Agusta. A naɗe ta cikin tsohon zanen auduga da busasshen ganyen dogon yaro, a fito da ita ta sha iska in damina ta ɗauke, a sauya inda aka ninka don kada layin ya ci zaren. Kafur ɗin nan farare da ake watsawa a akwati, a raba shi da duk abin da jariri zai kwanta a kai ko a goya shi da shi. Akwai jarirai da yawa a ƙasar nan da jininsu ba ya jure shi, yana fasa musu ƙwayoyin jini ya kawo shawara mai tsanani, kuma gwadon amarya na bana shi ne shimfiɗar jego ta baɗi in Allah ya kawo rabo. Wanda ya riga ya sha kafur, a wanke shi a shanya kwanaki har warin ya fita gaba ɗaya.

In haɗi ya ɓalle, a kama shi a ranar, tun yana tsawon yatsa. In tsakiyar mayafin ta siɗe, inda jiki ya fi gugarta, ba sai an yi maho ba tukuna: a farke haɗin tsakiya, a juyo gefen dama da na hagu su haɗu a tsaka, siɗaɗɗun ƙwarya su koma baki inda ba a kwanciya. Wadda ta huje sosai a cire ta, a sa ta ajiyar nan a gurbinta, bayan an wanke ta sau da yawa don launinta ya matso kusa da na 'yan'uwanta. Ƙwaryar da aka cire a yanke wurin da ke da sauran ƙarfi, ya isa rigar matashi ɗaya ko bakin tabarma.